Ranar da Kakana Ya Saci Ƙahonsa

Makon jiya na tarar da maƙwabciyata a ƙofar ɗakinta tana goge wata tsohuwar tasar tagulla da lemun tsami da toka. Da ƙarnin ƙarfen da tsamin lemun suka bugi hancina sai na tsaya cak, har ta ɗago kai tana tambayata ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ta ina zan fara yi mata bayani? Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, amma warin nan bai daina mayar da ni wata ranar Asabar ta damina ba, ina 'yar shekara goma, a gidanmu na Samaru.

Kakana na wajen uwa ya dawo zama da mu ne bayan rasuwar kakata. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Sabon Gari ya tashi, a can ya tsufa. Tun yana saurayi ya koyi busa ƙahon Turawa a wajen 'yan badujala, daga baya shi da abokansa uku suka riƙa yin irin kiɗan nan na baƙar fatar Amurka da ake kira jaz, wanda ake kafa waƙa guda sannan kowa ya ɗauke ta ya zaga da ita yadda ransa ya ba shi. Wannan duk labari na ji. Ni ban taɓa jin ya busa ba. Abin da na sani game da shi, dogo ne, yana da giɓi a gaba, da wani tsohon tabo a leɓensa na sama, kuma ba ya kirana da komai sai amarya, irin wasan kaka da jika.

Da bazarar shekarar ce ya faɗi. Ni kaɗai ce a tsakar gida. Ya sunkuya zai ɗaure igiyar takalminsa a gindin mangwaro, sai kawai na ga ya tafi da fuska, ko hannu bai kai ƙasa ba. Har yau ina jin ƙarar da goshinsa ya yi a kan siminti. Kwanansa shida a asibiti. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, jininsa ya hau: ba gishiri, ba ɗaukar kaya, ba busa. Da muka dawo gida Mama ta naɗe akwatin ƙahon da tsohon zane ta ɗora can saman sif ɗinta. Ta kama kafaɗata ta ce, "In ya sake sa abin nan a baki, jijiya ce za ta tsinke masa a ka, shi ke nan. Kin ji ni?"

Na ji ta, har fiye da yadda take nufi. Tun daga ranar na zama mai gadin numfashinsa. In ya kishingiɗa bayan abincin rana sai in lallaɓa bakin ƙofa in zuba wa cikinsa ido, ba na tafiya sai na ga rigar tana hawa tana sauka. In ya yi tari a bayi sai in bar wasa in tsaya cik. Ban gaya wa kowa ba. Ka san yadda tsoron yaro yake, ba ya neman wanda zai raba da shi, ɓoye shi yake yi kamar abin kunya.

A ranar Asabar ɗin babana ya yi tafiya, Mama kuma ta fita tun da safe taron zumuntar mata a coci, ta ce sai la'asar. Sama ta haɗe, masarar bayan gida har ta fi katanga. Ina shara na ji ya kira ni daga ɗakin Mama, ɗakin da ba ya shiga.

"Amarya, zo ki riƙe mini kujerar nan."

Na riƙe, ina kallon ƙafafunsa sirara a kan kujerar. Ya sauko da akwatin, ya zauna a dandamali, ya aike ni in kawo lemun tsami da toka. Yana goge tagullar ƙahon da su yana gaya mini: abokinsa mai kaɗa fiyano idanunsa sun mutu, 'ya'yansa sun zo za su tafi da shi garinsu can Kudu, ba zai dawo ba. Yau za su yi wasan ban kwana.

Na ce, "Kaka, Mama ta ce za ka mutu."

Ya ce, "Ai ba ƙarya ta yi ba. Amma ta ce miki yau ne?"

Na yi tunanin in ruga coci in kira ta. Na yi tunanin in kwanta a ƙofa in yi ta ihu. Ban yi ko ɗaya ba. Ledar maganinsa na ɗauko daga kan tebur na dunƙule a hannu, na bi shi, domin na tabbata in na bar shi ya fita shi kaɗai ba zan ƙara ganinsa ba.

A cikin bas ɗin da ta ɗauko mu, ya rungume akwatin a cinya yana motsa yatsu uku a kan murfin. Ni kuwa jijiyar gefen goshinsa nake kallo. Muka wuce Kwangila, muka sauka PZ, yayyafi ya fara. Ban saba da Sabon Gari ba. 'Yan acaba suna gilmawa ta gabanmu suna watso taɓo, masu shaguna suna ta ƙwala wa juna kira da Buroka, wato Turancin kasuwa, hayaƙin gasasshiyar masara ya gauraye da warin kwata. Muka yi ta kutsawa lungu-lungu har muka iso wani tsohon ɗakin taro mai rufin kwano da bencina. Mutanen ciki yawanci tsofaffi ne, mata da manyan ɗaurin kai, maza da hular ulu, sai 'yan ɗaliban jami'a a baya.

Wani gajeren tsoho Bayerabe, mai wani lanƙwasasshen ƙaho rataye a wuya da suke kira saksafon, ya rungume kakana har ya ɗaga shi. Ya dube ni ya ce, "Kai ne jikan? Zauna nan gaba, kada ka ji tsoro." Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Da wata rana ce da na yi dariya.

Aka jawo mai fiyano da hannu aka zaunar da shi. Mai ganguna ya zauna a bayan tarkacensa. Babu wanda ya yi jawabi, sai kawai suka fara.

Ko a cikin tsoron da nake ciki, kunnena ya gane wani abu: ba kiɗa ɗaya nake ji ba, mutane nake ji. Mai fiyano marowaci ne. Sai ya taɓa wuri biyu ko uku ya ɗauke hannu ya bar fili, kamar mai taka duwatsu zai ƙetare rafi, har ka ɗauka ya manta, sai ya sauko daidai inda ba ka zata ba. Mai ganguna ba ya duka, da wasu 'yan tsintsiyoyin waya yake shafar fatar, shuu, shuu, har ka rasa bambancinsa da yayyafin da ke sauka a kwano. Shi kuwa Bayeraben, muryar ƙahonsa mai kauri ce, mai maiƙo, kullum yana 'yar makara a bayan sauran, kamar attajirin da ya san ba za a fara cin abinci ba sai ya iso. In ya ja wani sauti ƙasa sai tsofaffin matan su yi gunaguni na jin daɗi.

Kakana yana tsaye a gefe, ƙahon a rataye a yatsunsa. Na yi ta addu'a a zuci kada layi ya zo kansa. Na yi wa Allah alkawura iri-iri a kan bencin nan.

Sai Bayeraben ya ja da baya ya nuna shi da haɓa.

Iska ce ta fara fitowa kafin sauti, wani huci siriri ta giɓin nan nasa. Sannan muryar ta biyo baya, a dishe, da 'yar tsaga a farkonta, kamar mutumin da ya daɗe bai yi magana ba ya buɗe baki zai yi gaisuwa. Ba ta da ƙarfi, ba ta da santsi. Amma ɗakin ya yi tsit. Mai fiyano, wanda ba ya gani, ya juyo da fuskarsa wajen sautin ya yi murmushi har da girgiza kai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na san muryar. Yadda yake jan ƙarshen magana in yana tsokanata, yadda yake yin shiru a tsakiyar labari kafin ya faɗi abin dariyar, duk ga su nan suna fitowa ta bakin ƙarfe.

Ya fara hawa. Kumatunsa ba su kumbura ba, wuyansa ne ya kumbura, jijiyoyi suka miƙe kamar igiyoyin shanya, ta goshin nan ta fito raɗau. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Mutane suna ta kiran wani laƙabinsa da ban taɓa ji ba, ni kuwa na danne ledar magani har ƙwayoyin suka fara farfashewa. Wace ce za ta tsinke a cikinsu? Ina ta ƙirga su da ido. Ya kama wani sauti can sama ya riƙe shi, ya riƙe, ya riƙe.

Sai ya yanke a tsakiya.

Ƙahon ya sauko. Hannunsa na hagu ya lalubi iska, ya sami gefen fiyano ya dafa. Kafin shirun ya kai ko'ina Bayeraben ya matso ya karɓe waƙar daga daidai inda ta faɗi, ya tsaya a gabansa ya kare shi da jikinsa, mai ganguna ya turo kujera da ƙafa ba tare da hannunsa ya tsaya ba. Mutanen baya tafi suka yi, sun ɗauka salo ne. Ni ban san lokacin da na hau dandamalin da suke kiɗan ba. Fuskarsa ta yi fari-fari kamar an shafa toka, leɓensa na rawa. Ina kuka ina tura masa garin magani a baki, ban ma san wanne ne na wane lokaci ba.

Sai na ji an ɗauke hannuna. Mama ce, jiƙe sharkaf, kayan zumuntarta sun manne mata a jiki. Ba ta dube ni ba, ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta kwance masa maɓallin wuya, ta ce, "Baba, dube ni. Ja numfashi." Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Kin ji?" Ta ce, "Na ji. Yi shiru."

Wasu ɗalibai suka taimaka aka sa shi a tasi. Kwana uku ya yi a asibiti a wannan karon. Jijiyar ba ta tsinke ba, amma bai sake busawa ba, babu ma wanda ya hana shi. Ya ƙara shekara biyu da mu, ya rasu a kan gadonsa da hantsi, Mama na gefensa.

Na yi ta jiran dukan Mama a kwanakin nan uku, bai zo ba. Sai ranar da za a sallame shi, muna zaune a barandar asibiti, na kasa daurewa na ce mata ta yafe mini, ni na riƙe masa kujera. Sai ta gaya mini yadda aka yi. An tashi taro da wuri saboda hadari, ta dawo ta ga kujera a gaban sif. Ta san Sabon Gari ya nufa amma ba ta san wane ɗaki ba, ta yi ta bin layi-layi cikin ruwa kamar mahaukaciya. Can ta jiyo busa daga bayan wasu shaguna.

Ta ce, "Ko cikin masu busa dubu zan fitar da shi. Da wannan muryar aka yi mini reno." Ta share ido da gefen zane. "Bai jima da farawa ba na iso bakin ƙofar. Da na shiga a lokacin da na hana shi. Tsayawa na yi ina saurare. To me zan yafe miki?"

Ɗakin taron nan yanzu rumbun ajiyar taliya ne da lemun kwalba, na bi ta wajen bara. Su huɗun duk sun rasu, kuma babu wanda ya naɗi wasan ranar ko a kaset. A bukukuwanmu na yanzu yaro ɗaya ne ke zuwa da na'ura, ya danna wuri ta yi ƙaho, ya danna wani ta yi ganga, tsaf-tsaf, babu huci, babu tsaga, ba kuma za ka ce ga wanda ke magana ba. 'Ya'yana sukan tambaye ni yaya busar kakan nawa take. Nakan ce kamar maganarsa take, su kuwa ba su taɓa jin maganarsa ba.

Mama ce ta tsufa yanzu, tana wurina, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ta rage tsayuwa da ɗaga murya. Ni ke raka ta coci. In matan zumunta suka ɗauko waƙa sai in ga ta dafa benci tana neman miƙewa. Hannuna yakan kai har gefen zanenta. Wata Lahadin in jawo ta ta zauna, wata Lahadin in miƙa mata kafaɗata.