Takardar izinin fita daji

Shekara tara ke nan da muka rufe Malam Haruna a Kaura Namoda, kuma har yau ban cika masa alkawari ba. Abokina ne, tare muka koyar a sakandare ɗaya, shi labarin ƙasa, ni lissafi. Yana kwance a asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Kabiru, kak ka bari fitar yaran ga ta mutu." Na amsa da ƙarfina, kamar abin a hannuna yake.

Fitar da yake nufi ita ce wadda yakan yi da 'yan aji biyar duk bayan yankan gero. Kwana uku a dajin bayan Sakajiki, kowa da tabarmarsa da gorar ruwa. A rana ta biyu sai ya nemi gindin kalgo ya zauna, ya ce wai ya manta hanya. Ya zaɓi yaron da ya fi kowa shiru, ya ce ya mai da su masauki, kuma ko ya kauce ba zai gyara masa ba. Na taɓa bin su, muka yi ta kewaya gonar dawa ɗaya har la'asar, ni ina tafasa, shi yana ɓarar gyaɗa. Da na yi ƙorafi ya ce gara yaro ya ɓata yau da malami a bayansa, don sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sau biyu na kai su bayan rasuwarsa, sannan dajin ya koma hannun 'yan bindiga. Yanzu a filin ƙwallo muke kafa tanti, jikin katanga, in zana musu rafi da alli a kan allo. Malam Haruna da yake cewa gani ya kori ji, da ya leƙo ajin nan ban san ko dariya zai yi mini ko kuka ba. Akwai yaran da iyayensu suka baro Birnin Tsaba da kaya a ka. Su sun san daji, amma da gudu suka san shi, ba wanda ya tsaya ya koya musu komai.

Abin yana cin raina. Shekaru na yi ina damun shugaban makarantarmu, a bayan idonsa har matsoraci na sha kiransa. Wannan zangon ya gaji da ni, ya yarda da fitar rana ɗaya kusa da garin Ɗan Isa, a dawo kafin azahar, da sharaɗin kowane uba ya sa hannu. Wata Litinin na raba takardun izinin ina ta murna. Da na koma gida, ɗana Nasiru, wanda shi ma ɗan aji biyar ne bana, ya miƙo mini tasa ya ce, "Baba, kai za ka fara."

Idan na auna abin da ya rage na Malam Haruna, ina ganin ɗalibansa a kasuwa da tasha, mutanen da ba su ruɗewa in al'amari ya rikice. Abin da ya bari ke nan, Allah Ya jiƙansa. Sauran kuwa a wuyana ya rataya shi. Yau mako biyu takardar Nasiru tana aljihuna. Iyaye goma sha ɗaya sun sa hannu, don sun ce in dai Malam Kabiru ne, sun amince. Ni har yanzu na kasa.