Na ɗaura kik ɗin mota a hanyar Zugu

'Yan uwa, ku taya ni godiya ga Allah!

Daga Gummi muka taso, ni da Inna da Kawu Bala da ke tuƙi. Kusa da Zugu muka tsaya sallar la'asar. Muka dawo, Kawu ya murza makulli. Ƙas! Shiru. Kik, abin da ke tada injin, ya mutu. Motar kuma otomatik ce, ba a tura ta. Kun dai san hanyar nan da 'yan bindiga!

Ashe akwai sabon kik a but ɗin motar, sati guda Kawu yana cewa gobe zai kai wa bakanike. Ya kwance tsohon, amma hannunsa ya ƙi shiga lungun da zai ɗaura sabon.

Ya ce, "Hafsatu, naki siriri ne, taho."

Na ce, "Kawu, ni ko sifana ban taɓa riƙewa ba!"

Inna ta ce, "Shiga, ɗiyata, rana na tafiya."

Na zura hannu. Tartsatsi, fau! Awarwarona ya taɓa waya, Kawu ya manta bai cire kan batir ba. Na ƙwala ihu. Ya cire, na koma ina kuka ina ɗaure noti.

Sai ƙarar babura daga cikin daji. Da yawa!

Inna sai salati. Na ƙarasa ɗaure notin ƙarshe, Kawu ya mayar da kan batir, ya murza makulli. Mota ta tashi!

Ba mu waiwaya ba har Bukkuyum. Hannuna ya tashi bororo, sifanar Kawu na can kan hanya. Ko su wane ne bisa baburan nan, wallahi ban sani ba, kuma ba ni son sani.