Nas Lorna Ba Ta Yarda da Kowa

Shekara ashirin da shida Lorna Petrak ta yi tana aikin nas a sakandaren wani ƙaramin gari a Nebraska, kuma ba ta taɓa yarda da ciwon ɗalibi a karon farko ba. Ta ga masu ɗumama goshi a jikin hita, ta ga masu ciwon cikin da ba ya tashi sai ranar jarrabawar lissafi. In ka shigo kana nishi, sai ta leƙo ka ta saman tabarau ta tambaye ka darasin wa ka gudo. Abin haushin, sau da yawa ita ke da gaskiya.

Da aka ɗauki Darnell Whitcomb aikin kula da raunin 'yan wasa, tun ranar farko ta sa masa ido. Ɗakinsa na jikin na koci, tare suke cin abincin rana, to me ya rage? A ganinta an kawo shi ne ya naɗe yara da bandeji ya mayar da su fili. Gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a daƙile.

Wata Asabar, Josie Halvorsen, mai tsaron ragar ƙungiyar 'yan mata, ta gwara kai da wata a wurin wasa. Darnell ya gwada ta, ya ce za ta iya buga wasan Juma'a, wanda shi ne na ƙarshe gare ta kafin ta gama makaranta. Daga Talata sai ga Josie kullum a ɗakin Lorna, wai ciwon mara, tana roƙon a kashe fitila. Lorna ta san ciwon mara ba ya gudun haske, sai dai bugun kai. Amma ta ja bakinta, tana tara hujjar da za ta kai wa shugaban makaranta a kan Darnell.

Ranar Alhamis ta kasa haƙuri, ta same shi a ɗakinsa.

"Kai ka ce Josie ta buga gobe?"

Ya amsa cewa shi ne, ya juya mata kwamfuta. Kowane Agusta ana yi wa 'yan wasa gwajin tunani da saurin ido, a ajiye, in mutum ya bugu a ka sai a sake a kwatanta. Na Josie biyun sun zo daidai da juna. Lorna ta dubi makin Agusta ta yi tsaki.

"Yarinyar da ke gyara wa malamin kimiyya kuskure ce ta ci wannan? Haba, Malam Darnell."

"Da gangan suke faɗuwa gwajin Agusta, Malama," in ji shi. "Manyansu ke koya musu, don ko kan ya taɓu kada a gane."

Ya ce shi ma hankalinsa bai kwanta ba. Sau uku yana tsare Josie da tambaya tana cewa garau take, ya bi malamanta bai sami wanda ya ga wata alama ba. Da Lorna ta ba shi labarin fitila, sai ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce Talata. Ya ce ai daga ranar atisaye biyu ke nan yarinyar tana faɗuwa ƙasa tana tare ƙwallo. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi wa Lorna sauƙi, don kunya ta kama ta sosai.

Tare suka cire sunan Josie daga wasan. Lorna ta ce ita za ta kira uwar, a kai ta wurin likita yau ba gobe ba.

Uwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce kwana biyu ke nan Josie na amai da safe, har ta ɗauko makullin mota za su asibiti.

"To me ya hana?" in ji Lorna.

"Ta ce kullum tana wurinki, kin gan ta ba ki ce komai ba. Ni kuwa na ce in dai ke ce, ai ba abin da zai wuce ki."