Bayan An Mayar Min Da Hanjina

Wata bakwai na yi da leda manne a gefen cikina na dama. Taifot ne ya huda min hanji, likitoci a Kano suka fito da bakinsa waje don ɗinkin ciki ya huta, bayan gida ya koma fita ta nan. Da aka ce lokacin mayar da shi ya yi, kowa a gidanmu murna yake, har yayata ta raba waina sadaka. Ni kuwa na saba da ledar, na san halinta, abin da za a mayar min ne ban sani ba.

Da na farfaɗo, likita ya ce an haɗa hanjin, amma yanzu barci yake. Ba ci ba sha sai ya farka, alamar farkawarsa kuwa iska ce ta fita ta ƙasa. Ni da na shekara ashirin ina koyarwa a firamare, sai ga ni kwance ina roƙon Allah tusa. Kullum da safe malamar asibiti za ta tsaya a kaina.

"Malam, an samu?"

"Ba a samu ba."

A gadon kusa da ni akwai wani makiyayi daga wajen Birniwa, dogo, mai ƙarancin magana. Irin aikina aka yi masa, kwana biyu kafin nawa. Har ya fara shan shayi. Ran nan da hantsi zazzaɓi ya rufe shi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri, aka tura shi ɗakin tiyata da gudu. Ɗinkin ne ya ɓalle ta ciki. Da la'asar aka dawo da shi, sabuwar leda a gefensa. Ya juya fuskarsa bango.

Tawa iskar ta fita a kwana na huɗu. Matata ta ɗaga hannu tana hamdala da ƙarfi har na ji kunya. Amma tsoron da makiyayin ya sa min bai fita tare da ita ba, na taho da shi gida.

Gidanmu yana wani ƙauye a fadamar Auyo, kuma damina ta yi nisa a lokacin. Cikin da ya yi wata bakwai ba ya aiki ta hanyarsa bai san haƙuri ba. Sau goma, sau sha biyu a yini nake zagayawa, wani lokacin ban kai ba. Na daina zuwa masallaci don alwala ba ta zama. Abinci kuwa na ɗauke shi abokin gaba. Duk lomar da zan haɗiya sai in ga kamar ita ce za ta je ta tura ɗinkin. Na tsaya a kan kunu, shi ma tsararo, ludayi uku in ture kwanon. Matata ta yi lallashi har ta gaji, ta aika wa yayata a Haɗejiya.

Yaya ta zo da kula cike da burabusko da miyar tarwaɗa. Ta zauna a bakin tabarmata ta buɗe.

"Likita ya hana ka ci ne?"

"Bai hana ba, Yaya. Cewa ya yi kaɗan-kaɗan."

"To ina kaɗan ɗin? Dubi wuyanka."

Na ci loma biyar tana ƙirgawa da ido. Na yini ina sauraron cikina, duk ƙugin da ya yi sai gabana ya faɗi.

Bayan kwana biyu na tashi da safe jikina zafi rau. Na ɗaga riga, sai na ga bandejin da ke kan tsohuwar ƙofar hanjin, inda ledar take a da, ya jiƙe da wani ruwa rawaya-rawaya mai wari. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Na kira matata na ce mata ɗinki ya ɓalle, abincin Yaya ne. Na fara gaya mata inda takardun gonarmu suke. Ta ce in yi shiru don Allah, ta ɗauko mayafinta.

Ruwa ya riga ya cinye hanyarmu, babur ba ya wucewa, sai kwale-kwale zuwa bakin titi. Mai fiton tsoho ne da na sani tun ina yaro. Ya shimfiɗa min buhu a tsakiya, na kwanta a takure, kaina a cinyar matata. Daga nan ba na ganin komai sai sama da kan kacalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Sau biyu jirgin ya maƙale a cikinta. Duk dannawar da tsohon ya yi wa gorarsa sai in ji ta a cikina. Muka wuce ta kan gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, har da tawa, matata ce ta faɗa min, ban ɗaga kai ba. Kalmar shahada nake ta maimaitawa, ina tunanin ko zan iya sake wata bakwai da leda, ko ma ba zan kai ga hakan ba.

"Baba, a yi sauri," in ji matata.

"'Yata, in na yi sauri a nan kifewa za mu yi. Riƙe shi dai."

A asibiti a Haɗejiya wata likita ce ta duba ni, ƙarama, ba ta kai ƙanwata shekaru ba. Ta danna cikina nan da can, tana kallon fuskata. Ta tambaya ko iska na fita, na ce tana fita. Ta cire bandejin ta duba da kyau.

"Malam, wannan mugunya ce, a fata take. Cikinka laushi gare shi. Da hanji ne ya buɗe, da ba ka bar ni na taɓa ka haka ba."

Na sa ta maimaita. Ta warware zare biyu, ta matse wurin, ta wanke. Zafin ya sa na yi ƙara, amma hawayen da suka zubo min ba na zafin ba ne. Ta ce ciwon zai cike da kansa daga ƙasa, a riƙa wankewa kullum, kuma rashin ci ne zai hana shi warkewa.

Ba mu koma ƙauye ba sai da ruwa ya janye. Mako biyar na yi a ɗakin zauren Yaya, ana wanke ramin ciwon yana ƙanƙancewa. Zagayawa ta ragu zuwa sau huɗu, daga baya uku. Juma'ar da na fara komawa masallaci a sahun ƙarshe na tsaya, dab da ƙofa, takalmana a hannu, ban fahimci ko kalma ɗaya daga huɗubar ba. Aka sallame alwalata na nan. Na daɗe a zaune mutane suna tsallake ni suna fita.