Ranar da Rediyo Bai Ji Ba

Rediyo ake ce masa a layinsu, domin tun yana koyon aski bakinsa ba ya hutawa. Shagonsa ƙarami ne: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, madubi mai tsagi a kusurwa, sai benci ɗaya. Amma yadda yake zuba haka yake sauraro. Ya san wanda aka yi wa haihuwa, wanda aka sallama daga aiki, da wanda ke ɓoye sanƙo a ƙarƙashin hula.

Sai babbar waya ta shigo hannunsa. Da farko ƙwallo yake kallo in babu kowa. Daga baya ya jingina ta da madubi, bidiyo na bin bidiyo, hannunsa a kan mutum, idonsa a kan wani ƙato da ke rawa a wata duniya.

Mahaifinsa, tsohon direba, ya saba zuwa gyaran fuska. Ran nan ya zauna, aka yafa masa ƙyalle, ya yi ta magana ƙasa-ƙasa. Rediyo kuwa sai "To, Baba. Madalla, Baba." Da aka gama tsoho ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.

Washegari yayarsa ta faɗo shagon ko sallama babu, benci cike da mutane.

"Kai wane irin ɗa ne? Baba ya ce maka likita ya ga ƙari a cikinsa, za a yi masa aiki, ka ce masa madalla?"

"Yaushe ya faɗa, Yaya?"

"A kan kujerar nan! Kai ya fara faɗa wa, kafin ni, kafin Inna. Ya dawo gida ya ce ɗansa ya taya shi murna."

Ta fice. Wayar na jingine da madubi, wani na ƙyaƙyata dariya a cikinta.

Abin da ya ƙarasa tunzura shi a asibiti ya faru. Yana zaune a bakin ɗakin tiyata, an shiga da mahaifinsa, sai ya ga wayar a tafin hannunsa, yatsansa na murzawa. Bai san lokacin da ya ciro ta ba. Ya dubi dogon bencin: kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa kamar ana yi masa aski a ƙeya. Ya juya wajen yayarsa da ke zaune a gefensa.

"Wasu 'yan banza da ban taɓa gani ba sun zauna a ofis mai sanyi," in ji shi, "sun ƙera abin da zai toshe min kunne, ni kuma na je da ƙafata na saya!"

Ya miƙa wa yayarsa wayar. "Riƙe ta, Yaya, kafin in fasa ta da bango."

Ƙaramar waya mai maɓalli ya koma riƙewa. Da farko abin bai zo da sauƙi ba. Hannu na ta zuwa aljihu, shi kuma yana zagin hannun. In shago ba kowa, sai ya tsaya a ƙofa ya kalli titi, ko ya wanke reza a hankali har ƙaiƙayin ya wuce.

Ya kuma zama mafaɗaci. Duk wanda ya hau kujerarsa da waya sai ya ji tsawa: "Malam, ɗaga kai! Ko ni ko ita." Wani ma'aikacin banki ya tashi da rabin aski, bai sake dawowa ba. Wasu ma sun bi shi. Rediyo ya ce su gai da gida.

Tsoho ya tashi daga ciwon, sai dai tafiya ta yi masa wuya. Yanzu Rediyo ke ɗaukar almakashi da reza ya je gida ya gyara shi a bakin gado. Ya ba shi haƙuri, tsoho ya ce ba komai, ya wuce. Suna hirar motoci da tsadar taya, Rediyo na kasa kunne kamar za a yi masa tambaya a kai. Amma duk abin da likita ya ce, har yau a bakin yayarsa yake ji.