Farar Kwat ɗin Baba Tanko

Kakata Delu ba ta yin tatsuniya sai ta gama gasa mana gyaɗa a bakin murhu, bayan sallar isha. Gizo da Ƙoƙi kowace kaka tana da su. Tamu kuwa tana da jirgin ruwa, kuma shi muke roƙo.

Mahaifinta, Baba Tanko, ya bi fatake zuwa Ikko yana saurayi, ya sami aiki a wani ƙaton jirgi mai kai Turawa ƙasarsu ya dawo da wasu. Hotonsa na rataye a ɗakinta: farar kwat, maɓallai na ƙyalli, ya dafa kujera kamar shi ya sassaƙa ta. Mu dai mun gama yanke hukunci cewa shi ke tuƙa jirgin.

Ran da na faɗi haka, Kaka ta yi dariya har da tari.

"Tuƙi? Kai, yaro, ko tekun bai cika gani ba. A can ƙasan jirgi yake, yana ɗura wa tanderu kwal da shebur, ba riga, gumi har cikin takalmi. Turawa na sama suna rawa, shi ke ƙasa yana ba jirgi tuwonsa."

Kwat ɗin ma, in ji ta, ba tasa ba ce. Masu zuba kwal ne suka haɗu suka saye ta wurin wani mai kai wa Turawa abinci. In jirgi ya tsaya, sai su jeru wurin mai hoto, wannan ya cire wancan ya sa, kowa ya aika gida. Na ji haushi sosai, na ce ashe ƙarya ya yi mana. Ta juya garwashi.

"Tausayin uwarsa ya ji. Amma ni na fi son hannunsa. Ni ke zuba masa ruwan alwala bayan ya tsufa. Baƙin kwal ya shige cikin tabbansa, sabulu ya yi ya gaji. Da wannan hannun aka ciyar da mu."

Yau shekara huɗu ke nan ina gadin wani rukunin gidaje a Ain Khaled, a nan Doha. Mu shida ne a ɗaki a unguwar Mu'aither, kuma, Allah Sarki, muna da kwat ɗaya baƙa da muke karɓa-karɓa ranar hutu, mu je kasuwar Souq Waqif mu ɗau hoto. Ba wanda ya koya mana.

Makon jiya 'yata Hauwa ta turo saƙon murya: "Abba, malamarmu ta ce kowa ya kawo hoton babansa a wurin aiki." Abokin ɗakina Sani ya miƙo kwat ɗin. "Yalla, maza saka, mu je gaban wani otal, khalas, shi ke nan."

Na riƙe ta a hannu na daɗe. Tsoro nake ji kada yarinyar ta ji kunya a gaban ƙawayenta, wannan ita ce gaskiya. Amma washegari na sa Sani ya ɗauke ni a bakin ƙofar da nake gadi, da kakina, rana ta sa na runtse ido, hannuna a kan ƙarfen da nake ɗagawa sau ɗari a wuni.

Amsarta ta zo da la'asar.

"Abba, ashe kai ne mai buɗe wa kowa! To ruwa fa, akwai mai kawo maka?"