Mode Mai Igiya da Gurbin Kakansa

Duk wanda ya ɗaure jaki ko akuya a Wurno a shekarun da ake ɗibar soja zuwa yaƙin Bama, da igiyar Mode ya ɗaure. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta saboda tukar rama. Igiyarsa ba ta tsinkewa, haka ma gardamarsa.

Abin ya samo asali ne daga wani Baturen Di'o da ya sauka garin da tafintansa, ya tara dattawa yana tambayar wa ya haifi wa, daga ina aka zo. Ya cika littafinsa ya hau mota, ya bar wa mutane ciwon. Kafin a cire albasar shekarar, kowa a Wurno ya sami kakan da ya zo bisa doki lokacin da aka kafa garin. Da za a tara dawakin nan wuri ɗaya, da fadamar Rima ba ta ishe su kiwo ba.

Mode ne ya ce a daina hayaniya a yi abu da tsari. Ya tara mutum goma sha biyu a zauren Malam Halliru, mai kyan rubutun ajami, duk Juma'a bayan la'asar. Suka sa wa taron suna Zauren Salsala. Shi ne kuma ya kafa dokar: ba a rubuta kakan kowa sai wani tsoho da ya gan shi da ido ya faɗi sunansa da bakinsa, gaban shaidu biyu. Wanda aka rubuta kakansa ya hau buzu. Wanda ba a rubuta ba, wurinsa bakin ƙofa, kusa da takalma.

Dokar ta yi aiki, ta yi ɓarna. Wanda ta fi ji wa ciwo shi ne Sajo, wani Bafillace mai dogon wuya, da ya ce kakansa Bube ya shigo ƙasar da shanu ɗari. Mode da kansa ya je Rabah ya ɗauko wani tsoho bisa jaki.

"Bube? Na san shi," in ji tsohon. "Shanu ɗari kam shina gaba gare su kullum. Sai dai ba ko ɗaya tashi. Kiwo aka ba shi."

Aka rubuta Bube, aka rubuta kiwon. Sajo ya hau buzu ba saniya ko guda, Mode kuwa ya yi sati yana kukan shanu duk inda suka haɗu.

Shi kansa Mode a kan buzu yake zaune tun ranar farko, a matsayin mai taro. Shekara uku yana ɗaga nasa binciken: yau ruwa ya cika gulbi, gobe rama ta nuna. Ran nan Sajo ya miƙe.

"Malam, wanga buzu da Mode ka zama bisa, aro na ko gado?"

"Kakana bisa doki yaz zo garin ga, kowa ya sani," in ji Mode.

"Kowa bai da baki gaban shaidu. Kawo muna tsoho."

Tsoho ɗaya ya rage a duniya wanda ya ga kakan Mode, kuma tsohuwa ce: Inna Habi, matar ƙanen mahaifinsa, tana Goronyo wurin 'yarta. Suka ɗauki hanya da safe su uku, Mode da Malam Halliru da Sajo, wanda ya ce ko da rarrafe sai ya je.

Sun same ta a inuwar rumbu tana ɓarar wake. Shekara ta kusa tamanin, ido ya yi rauni, amma kunne da baki lafiya lau. Da ta ji muryar Mode sai ta gyara lulluɓi.

"A'a, Baban-gida na? Sannu da hanya. Kun ci abinci?"

Tun yana cikin zanen goyo haka take kiransa. Sunan kakan aka mayar masa, kakan kuwa surukinta ne, don haka sunan bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Inna, labarin kakana munka zo ji. Hwaɗa ma Malam yadda yaz zo Wurno da dawaki."

"Da dawaki kam yaz zo, Allah shi ji ƙan shi."

Mode ya dubi Sajo ya ɗaga gira.

"Shi ka yi musu ciyawa," ta ci gaba. "Da ƙahwa yab biyo su tun daga Sakkwato, lauje ga kahwaɗa. Shi ka tuka musu dabaibayi da ragama. Ai doki bai taɓa kwance ma igiyatai ba. Sau ɗaya yat taɓa hawa, ya ce min, dokin yak kai shi cikin ƙaya, sai da anka kwana uku ana cire mai."

Alƙalamin Malam Halliru na ta tafiya. Sajo ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa na rawa.

"To, Inna, ya isa haka nan," in ji Mode. "Sunan kaɗai muka so. Mi ne sunanai?"

Ta ajiye ƙwaryar waken.

"Mi kac ce?"

"Sunanai, Inna."

"Ni? In kama sunan uban mijina? Shekara sittin ban yi ba, sai yau da nis sa ƙahwa ɗaya cikin kushewa? Baban-gida, ko ka sha wani abu bisa hanya?"

"Sau ɗaya ɗai, a hankali, ga kunnen Malam."

"Malam ba mutum ne ba? Allah ba ya ji?"

Mode ya buga ƙirji. "To ni wa ne ne? Ki kira ni!"

"Na kira ka. Baban-gida."

Ya roƙa, ya yi fushi, ya sake roƙo. Ya ce zai faɗi sunan ita kuma ta ɗaga kai. Sajo ya zare rawani daga baki.

"Ɗaga kai ba hwaɗi da baki ba ne. Tsoho shi hwaɗi da bakinai, haka kac ce ranar Bube. Ina nan zaune."

Inna Habi ta sa aka dama musu fura, ta ƙara musu labarin yadda marigayin yake jiƙa rama a gulbi, ta yi musu addu'a, suka juyo.

Juma'ar da ta biyo Malam Halliru ya karanta abin da aka samo. Duk abin da tsohuwar ta faɗa ya shiga takarda, har da ƙayar. Inda ya kamata suna ya zauna, fili ne fari kamar faɗin yatsa biyu. Malam mutum ne mai tausayi, sai ya ce:

"Jama'a, kowa nan ya san sunan, ga mai shi zaune. Mu ɗebe dokar ga mu huta."

Sajo ya yi farat. "Na yarda! In an ɗebe ta, abin da kowa yas sani shi a gaskiya. A maido ma Bube shanunai ɗari."

Mode ya dubi buzun da yake kai, ya dubi Sajo, ya dubi ƙofa. Sannan ya naɗe ramarsa ya tashi.

"Doka tana nan. Bube bai da ko maraƙi."

Ya je ya ture takalman Sajo gefe ya zauna.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a bakin ƙofar nan. Daga nan yake yanke wa kakannin mutane hukunci, igiya na tsawo a tsakanin tafukansa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Inna Habi ta rasu da damina ta biyu, ta tafi da sunan. Da aka kawo masa labari ya yi kuka sosai, ya ce mace mai kunya irinta ba za a sake yi ba.

Bayan rasuwarsa babban ɗansa, Maccido, ya zo zauren neman a rubuta mahaifinsa. Malam Halliru ya ce doka ba ta mutu ba, sai tsoho ya faɗa da baki. Sajo, wanda a lokacin sai da sanda, ya matso.

"Rubuta, Malam. Mode na. Mai igiya, jikan mai igiya. Igiyatai tana wuyan akuyata yau shekara tara." Ya share ido da bakin rawani. "Wancan gurbin kakanai na bisa kuwa, kak ka taɓa shi. Shi yab bar shi haka nan."